Rasuwar Dandamalin Hedimasta Mutsago

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin ƙafa mai danƙo har yau, tsohon hedimasta Gwinyai Mutsago na garin Mutare ke sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar dandamalin katakon bayan gidansa, wanda ya riga mu gidan gaskiya yana da shekara ashirin da shida.

Marigayin mai haƙuri ne. Ya ɗauki hedimasta da kujerarsa, hedimasta kuwa ba ƙaramin kaya ba ne. Ya sha shayi da romo da fitsarin jikoki bai taɓa ɗaga murya ba, in ban da katako na huɗu daga ƙofa, mai cewa "ƙiii" duk sanda mai gida ya lallaɓa wajen tukunyar nama.

Ciwon ajali ya faro ne ranar da Ruva, autar gidan, ta ce dangin Kudzanai za su zo neman aurenta. Kudzanai kafinta ne. Hedimasta ya riga ya yanke cewa 'yarsa ta fi ƙarfin mai fensir a kunne, sai dai ya so baƙin su ga fuskarsu a ƙyallin dandamali tukuna, su san gidan da suka shigo. Ya wanke marigayin da garin sabulu bai ɗauraye ba, katako bai bushe ba ya malala masa man shafa wa katako. Akwai bayani a jikin gwangwanin, amma mutumin da ya shekara arba'in yana ba da umarni ba zai karɓi na gwangwani ba.

Washegari wani fari-fari ya feso wa marigayin kamar amosani. Hedimasta ya ƙara mai. Farin ya ƙaru, ya sake ƙarawa. Nan uwargida ta karɓi jinya.

"Baban Ruva, matsa ka ba ni wuri. Tun ina amarya babu daɓen da ya gagari jan man gogewa."

"Wannan katako ne, Maman Ruva."

"Da ka san katako ne ka yi masa haka?" Ta durƙusa ta shafe marigayin da jan man tas.

Ranar Asabar baƙi biyar suka iso. Suka tuɓe takalma, suka zauna a ƙasa kan dandamalin kamar yadda masu neman aure ke yi, suna tafi a hankali. Awa uku hedimasta yana kan kujera yana jan magana, rana tana narka abin da ke ƙarƙashinsu. Da babban kawun ango ya yunƙura zai tashi, marigayin ya furta kalmarsa ta ƙarshe: "fyaaat". Kawu ya tafi da gaban wandonsa, bayan wandon kuwa ya zauna tare da mu.

Kudzanai bai motsa ba, don ya fi kowa liƙewa. Kunya ta sa hedimasta ya huce a kansa.

"Kai ba kafinta ba ne? Hancinka bai gaya maka komai ba?"

"Tun daga ƙofar gida na ji warin, Baba."

"Shi ne ka zauna?"

"Nan kuka nuna mana, Baba. Ban iya cewa aikinku bai yi ba a gaban dangina. Sai na riga kawu zama a inda ya fi danƙo, na ɗauka sauran wurin zai yi masa sauƙi."

Hedimasta ya buɗe baki ya rufe. Duk Mutare babu wanda ya taɓa ganin haka.

Litinin Kudzanai ya dawo da kayan aiki da sabon wando. Ya kankare, ya ƙwanƙwasa, ya leƙa ƙasa, ya ce sabulu da damshi sun kulle a ƙarƙashin mai, jan man kuma ya toshe sauran numfashin. Sannan ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ya ce ai ginshiƙan sun daɗe da ruɓewa, kwana ne ya ƙare. Kowa ya san wanda ya kashe marigayin, hedimasta ma ya sani, kuma ya san dalilin ɗaga muryar.

Marigayin ya rasu ya bar kujera ɗaya, gwangwani uku, burushi da ya ƙame a tsaye, da safar baƙi a jere inda masu ita suka zare ƙafa suka gudu. An so a dafa sadzar biki, wato tuwon masara, da gawar, kafinta ya ce hayaƙin zai kwantar da rabin unguwa.

Za a yi jana'iza Asabar mai zuwa da ƙarfe goma na safe, daga gida zuwa juji. Ana roƙon masu ta'aziyya su zo da tsohon wando. Maman Ruva ta hana a binne katako na huɗu, ta ce aikinsa bai ƙare ba.

Wanda zai gina magajin marigayin shi ne surukin gidan. Haka hedimasta ya rubuta da hannunsa, "surukin gidan", ya ja layi biyu a ƙasa da jan biro.