Tarkon Kwando a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na miƙa wa surukina tsuntsuwa ya yanka min ba. Kuma tun yanzu in faɗa, ban yi nadama ba, kunya kawai na ji.

Lokacin ban cika shekara da tarewa a Ƙafin Maiyaki ba, a babban gida muke da iyayen maigidana. Ga ni da cikin fari, ina ta ɓoyonsa da ƙaton hijabi, don a wajenmu a gane kina da cikin fari a gaban surukai, gara ƙasa ta tsage ki shige. To sai cikin nan ya zo min da kwaɗayin naman kurciya. Ba kaza ba, ba zabo ba, kurciya. In na ji kukanta a kan darbejiya har yawuna tsinkewa yake.

Na faɗa wa maigidan, ya kwashe da dariya. "Ke yanzu da girmana zan ɗauki danƙo in bi tsuntsaye? Ki bari ranar kasuwa in sayo miki tsire."

Na ce a raina, riƙe tsirenka.

Ranar da matan gidan suka tafi suna Kwanar Dangora, na ce kaina ke ciwo. Suna fita na ɗauko kwandon wanke-wanke, na kifa shi a bayan rumbu, na tokare gefe ɗaya da guntun kara. Na ƙulla igiyar shanya a jikin karan, na zuba dawa a ƙarƙashi, na ɗora ɓarin tukunya a saman kwandon don ya yi nauyi. Sannan na ja igiyar har ɗakina na kwanta rub da ciki a bayan labule. (Eh, na sani, mai ciki ba ta kwanciya haka. Ku ƙyale ni.)

Kaji suka fara zuwa, na kore su. Akuya ta ture kwandon, na gyara ina zaginta. Har na fara gyangyaɗi sai ga wata ta sauko, ja-ja-ja da ita, ƙatuwa, ko tsoro babu. Ta shige ƙarƙashin kwandon tana cin dawa kamar ta ubanta. Na fizgi igiya, kwando ya kife. Wallahi sai da na taka rawa ni kaɗai a tsakar gida. Girman nata bai sa na yi wani tunani ba, cewa na yi rabona ne ya rantse.

Sai a nan na tuna mace ba ta yanka a gidan nan. Maigidan yana gona, kuma namijin da ya rage shi ne Baba, surukina, wanda tunda aka kawo ni ban taɓa haɗa ido da shi ba. Mai hankali sai ta saki tsuntsuwa. Ni kuwa na zura hijabi na nufi zaure.

Na durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa yadda aka koya min, na miƙa hannu ciki.

"Baba, barka da hutawa. Don Allah a yanka min wannan kurciyar."

Sai na ji wani ya yi gyaran murya, kuma ba muryar Baba ba ce. Na saci kallo. Innalillahi! Ga liman, ga abokan Baba biyu a kan tabarma, duk sun zuba min ido.

Baba ya karɓe ta yana jujjuyawa. "'Yar nan, wannan ai tattabarata ce. Daga Doguwa na kawo irinta. Yaya aka yi ta zo hannunki?"

Da bakina na ce, "Tarko na yi, Baba."

Liman ya toshe baki da gefen rawani. Na yunƙura zan gudu, Baba ya ce in tsaya. Ya ɗan dube ni, ya dubi hijabin, sannan ya ce wa liman, "Malam, miƙo min wuƙar nan. Irin wannan kwaɗayin ba a hana shi. Jikana ne ya aiko ta."

Duk zauren ya ɗauka, "Masha Allah! Allah ya raba lafiya!"

Cikin da na yi wata da watanni ina ɓoyo, kafin la'asar har mai shagon bakin titi ya sani. Matan gidan suka dawo suna min guɗa. Maigidan ya ce na gama da shi, ba zai iya bi ta zaure ba.

Na fige abata, na soya ta da yaji, na rufe ƙofa na cinye har ƙashi. Maigidan ya tsaya a waje yana cewa ko ɗan fiffike, na ce ai kai da girmanka.

Abin da na koya bai da yawa. Idan za ki durƙusa wa suruki, ki ɗaga kai ki ga su wa ke zauren tukuna, ladabin ya biyo baya.