Ranar da Na Kawo Baffa Gida da Fitila a Kunne

Ko na manta da komai a duniya, ba zan taɓa mantawa da ranar auren Talatu ba, 'yar Baffana Mamman. Lokacin ina sabon malamin gona a Birnin Gwari, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, kuma na sayi wata tsohuwar mota mai launin toka a hannun wani Baturen dabbobi da zai koma ƙasarsu. Motocin garin a lokacin ba su da yawa, saboda haka kaina ya kumbura har hula ta fara yi mini kaɗan.

Ranar da Baturen ya miƙa mini makulli, ya ce da ni cikin gurguwar Hausarsa, "Idan ruwa ya zo, kunna fitila, ko rana tsaka. Ba don ka gani ba, don a gan ka." Na ce to, amma a raina dariya na yi. Wa ke kunna fitila da rana in ba mai taɓin hankali ba?

To, Baffa ya kwanta asibiti a Kaduna, an yi masa aiki a ciki, kuma kowa a gari ya san jikin ya yi tsanani. Ana gobe ɗaurin aure likita ya sallame shi. Ni na ce zan ɗauko shi (ba don tsabar zumunci kaɗai ba, ina so mutanen Kaduna ma su ga motar). Washegari da safe muka kamo hanya. Ya miƙe a kujerar baya saboda ɗinkin, ya ce, "Ɗana, ka bi a hankali, cikin nan nawa ba buhun gero ba ne." Ya ja farin mayafinsa ya rufa har ka, don sanyi.

Muna shiga dajin sai hadari ya haɗo, gari ya yi baƙi ƙirin, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Hanya ja ce mai santsi, itatuwa sun rufe ta ta ko'ina, ga motata launinta ɗaya da ruwan. Tsoro ya kama ni, na lalubo makunni na kunna fitila. Ban yi nisa ba, a wata kwana, sai ga wata ƙatuwar motar katako ta ɓullo a tsakiyar hanya. Na ji ƙarar birkinta, ta kauce, ni ma na kauce na kutsa cikin rassan da ke gefe, muka gifta juna da ƙyar. Direban ya leƙo yana ihu, "Malam, fitilarka ce ta cece ka! Wallahi ita kaɗai na hango!" Na yi hamdala, na dawo da mota kan hanya. Baffa kuwa ko motsi bai yi ba, barcinsa yake sha.

Abin da ban sani ba shi ne, wani reshe mai ɗanyen ganye ya maƙale a hancin motar. Kuma da ruwa ya ɗauke, rana ta fito, na manta fitila na kunne. A zamanin nan kuwa, in ka ga mota da ganye a gaba, da fitila da rana tsaka, tana tafiya sannu sannu, kowa ya san gawa ta ɗauko. Kowa, ban da ni.

Da muka iso bakin gari sai na ga mutanen da suka fake a rumfuna suna miƙewa tsaye. Wani dattijo ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Wasu suka ɗaga hannu suna addu'a suna shafawa. Na ce a raina, "Kai, ashe haka ake girmama mai mota!" Sai na zuge gilashi, na fito da hannu ina ɗaga musu, ina murmushi kamar ɗan majalisa ya zo rangadi. Har da ɗan gyaɗa kai. Wani mai keke ya leƙa kujerar baya, ya zaro ido, ya taka kekensa ya wuce ni a guje. Na ji haushi keke ya wuce mota, amma na ce bari, ɗinkin Baffa ya fi.

Tun daga nesa nake jin kalangu a ƙofar gidan biki, amma kafin in iso ya yi tsit. Jama'a sun cika ƙofar gida, sun yi cirko-cirko. Na tsaya, na fito, na gyara zaman riga. Liman ya matso ya kama hannuna da hannu biyu.

"Sannu da ƙoƙari, Malam. Ya sha wahala?"

Na ce, "Ko kaɗan, Allah gafarta Malam! Lafiya lau, yana kwance abinsa."

"Tun yaushe?"

"Ai tun kafin mu shiga daji ya yi shiru. Ni ma na huta da surutunsa."

Liman ya dube ni wani iri, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Daga cikin gida sai na ji Gwaggo Hajara, matar Baffa, ta ƙwalla ƙara, mata suka amsa. Amarya da lallenta ta fito zaure tana kuka ana riƙe ta. Ni kuwa na tsaya baki buɗe, na ce, "Subhanallahi! Wa ya rasu?"

A daidai lokacin maza suka buɗe ƙofar baya za su ɗauko Baffa. Suna kama ƙafafunsa, mayafi ya yi atishawa. Baffa ya yaye fuska ya ce, "Kai, ku bi a hankali mana, ɗinki ne da ni! An ɗaura ne ban zo ba?"

Jama'a! Ban taɓa sanin Liman na iya gudu ba sai ranar. Makaɗi ya yar da kalangu ya haye katanga. Wanda ya riƙe ƙafar dama ya sake ta ya faɗa kwata da sabuwar rigarsa. Gwaggo ta fito ba mayafi, ta dubi mijinta, ta dubi ganyen da ke hancin mota, ta dubi fitilar da ke ci da rana tsaka, sannan ta juyo kaina.

"Kai ɗan nan, da bokonka da komai, ka kawo mini miji da rai da shaidar gawa? Har kana ɗaga wa mutane hannu?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na fara bayanin Bature da ruwa da motar katako, amma dariya ta riga ta ɓarke, har masu hawaye a fuska suna riƙe ciki. Baffa ne kaɗai bai yi dariya ba. Da aka gaya masa abin da na ce wa Liman, sai ya ce, "Au, ka huta da surutuna ko? To ban tafi ba tukuna."

An ɗaura aure lafiya bayan la'asar. Ni kuma a ruɗe ban kashe fitilar ba har batir ya mutu, washegari sai abokan ango ne suka tura ni, yara na bina suna "Direban lahira!" Sunan ya bi ni har na yi furfura.

Har gobe in hadari ya haɗo ina kunna fitila, domin gara a yi maka makokin ƙarya da a yi maka na gaskiya. Sai dai in ruwa ya ɗauke nakan tsaya in zagaya motar in duba. Kuma duk tsohon da zan ɗauka, a gaba yake zama, in cika masa baki da goro, ya yi ta taunawa kowa na gani har mu isa.