Telen da Na Zaɓo a Damagaram

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa daga ka, amma akwai maraice guda da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da na so. Shi ne maraicen da na tara matan unguwarmu a Tanut don su gan ni a talabijin (mu tele muke cewa), a tsakar gidana, cikin telen da na zaɓo da hannuna.

Ni ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ina yarinya ba. Hatsi nake saye da sayarwa tun ina sabon aure, kuma duk ƙasarmu ta Damargu babu mai awon da zai cuce ni da tiya. Sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci, saboda na gaji da dangwala yatsa a takarda kamar wadda aka kama da kayan sata. Wannan a shekarun tamanin ne, zamanin soja. Mutane sun yi surutu, amma wadda maganarta ta tsaya min a wuya ita ce yayar maigidana, Yaya Hawa, da ke aure a Gangara.

"Amarya," (har na yi jika ba ta daina ce min amarya ba) "an ce kin shiga lakwal? To wa ke raka ki da safe, kada yara su ƙwace miki allo?"

Na yi dariya don yayar miji ce. Amma na ajiye maganar a raina.

Da na iya karatu, sai aka ce masu ɗaukar hoton tele za su zo daga Yamai su ga ajinmu. Mushenmu, wato mai koya mana karatu, ya ce ni zan karanta jawabi, tunda a cewarsa ba a taɓa roƙona in ɗaga murya ba. Ni na rubuta abina da kaina. Na ɗaura sabuwar atamfa koriya mai ruwan ɗorawa, na tsaya gaban na'urarsu na karanta ba tuntuɓe. A cikin jawabin na saka wata magana wadda duk mai hankali ya san ba da mutanen Yamai nake ba, da mace guda nake a Gangara. Kafin su tafi suka ce za a nuna ranar Alhamis ta sama, cikin shirin Hausa, bayan magariba.

To a nan rigima ta fara. A lokacin tele ɗaya ce a unguwarmu, ta gwamnati, ƙarama, baƙi da fari, a kulle cikin akwatin ƙarfe a filin matasa. Yara ne ke cika wurin da ƙura da ihu. Na ce wa maigida ba a can za a gan ni ba. Atamfar da na zaɓa saboda launinta ba za ta fito toka-toka ba, kuma Yaya Hawa a kan tabarmata za ta zauna ta ji da kunnenta. An riga an kawo injin wuta garin, yana tashi da faɗuwar rana. Me ya rage? Tele mai kala.

"Ki bari a yi tambaya tukuna," in ji Malam, maigidan nawa.

"Tambayar me? Ni da na sayo maka rago shekara da shekaru ba a taɓa samun mai tari ba?"

Na aika Gangara aka gaya wa Yaya Hawa ta zo ranar Alhamis, akwai abin da nake so ta gani. Mu kuma ranar Laraba muka hau mota sai Damagaram.

Kantin wani Alhaji muka shiga, babban ɗan kasuwa, an jera tele kamar ƙoren amarya. Ni kuwa yadda nake zaɓen turmi haka na shiga zaɓe. Na ƙwanƙwasa katakon kowace in ji ko ɓawo ne. Na cicciɓa in ji nauyi, domin a sanina abin da ba shi da nauyi ba shi da ƙarko. Can kusurwa na hango wata ƙatuwa, mai ƙafafu huɗu da ƙofofi biyu na katako da ake ja a rufe mata fuska. An kunna ta, 'yan Indiya na ta rawa a ciki, ja ja ne, kore kore ne, sauti kuwa har cikin ƙirji. (Akwai wani baƙin akwati a ƙarƙashinta da waya ta haɗa su. Na gan shi sarai. Na ɗauka matashi ne aka yi mata.)

Na ce, "Wannan."

Alhajin ya ce, "Hajiya," (ban je Makka ba a lokacin, amma ban gyara masa ba) "a ina za a kalle ta?"

"A gidana, a Tanut."

"Kuna da bidiyo?"

"Muna da idanu."

Ya yi murmushi. "Wannan daga Kano ta zo. Masu bidiyo ke sayenta, su sa kaset. In tashar ƙasarmu kike so, ga wadda za ta yi miki." Ya nuna min wata 'yar ƙarama ta roba, wadda zan iya saɓawa a hammata kamar kaza. Kuma ta fi araha nesa ba kusa ba.

Nan jinina ya hau. A raina na ce ya ga zanen ƙauye, ya ji Damargu, ya yanke cewa ba zan iya biya ba. Mutanen birni haka suke, hatsinmu suke ci amma su dube mu ɗaya-ɗaya.

"Alhaji, na yi maka kama da mai neman sauƙi ne?"

"Subhanallahi, ba haka ba ne, Hajiya. Abin da nake nufi..."

"Hoton Kano da na Yamai ba duk ta iska suke zuwa ba? Ko iskar ma sai ta nuna takarda a kan iyaka?"

Malam ya ja gefen mayafina. "Ke, ki saurari mutumin nan."

"Malam, kai ka zo ɗaukar kaya ne. Zaɓe nawa ne."

Alhajin ya dubi Malam, Malam ya dubi rufin kanti. Aka ɗaure tele. Da muna fita na ji Alhajin yana cewa, "Allah ya sa a dace." Har na amsa da amin.

Mun kwana Damagaram, ranar Alhamis da la'asar muka iso gida da ita a saman mota, an naɗe ta da bargo kamar mai jego. Malam ya ɗaura antan, wato eriyar kama tasha, a kan dogon gora ya kafa jikin ɗaki. Gwadawa kuwa babu hali: wuta ba ta zuwa sai rana ta faɗi, tashar ma ba ta buɗewa da rana. Ban damu ba. Na sa aka share tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka dama fura ƙwarya guda. Matan ajinmu suka zo, maƙwabta suka zo, har waɗanda ba ma gaisawa. Yaya Hawa na ba ta wuri a gaba, kan buzun Malam.

"Amarya, wannan gadon yara ne ko akwatin lefe?"

"Za ki gani, Yaya."

Da aka idar da magariba, ƙwan lantarki ya kama. Na tashi a hankali, na buɗe ƙofofin nan biyu, na murɗa. Ta yi ƙara, ta yi yayyafi, sai ga mutum ya fito da kwat yana karanta labarai. Baƙi da fari. Bakinsa na motsi, amma abin da ke fitowa sai shuuu, kamar ana zuba gero a buhu.

Na murɗa sauti har ƙarshe. Shuuu ɗin ya ƙaru.

"Antan ne," na ce. "Malam, hau ka juya."

Bawan Allah ya tattare riga ya hau katanga. Ina daga ƙasa ina ba da umarni. "Juya gabas! Ya yi yawa! Dawo! Ba nan ba, wajen Damagaram!" Hoton ya tafi, ya dawo, ya yi kyau tas har ana ganin gumin mai labarai. Launi dai babu, murya babu.

"Kurma ne?" wata tsohuwa ta tambaya daga baya.

"A'a," in ji Yaya Hawa, "ladabi gare shi. Ya ga manya."

Ina cikin dukan gefen telen da tafin hannu, sai matan suka ɗauki guɗa. Ga ajinmu. Ga mushe. Ga ni nan tsaye da takarda a hannu, atamfata ta koma launin tokar murhu, bakina na buɗewa yana rufewa kamar kifin da aka fitar daga ruwa. Jawabin da na kwana ina gyarawa, maganar da na tanada wa mutum guda, ga mutumin zaune a kan buzu, kuma ko harafi ɗaya bai fito ba.

Mai hankali a nan zai zauna ya ce Allah ya ƙaddara. Ni ban zauna ba. Na haddace jawabin ai. Na tsaya gefen tele, na fuskanci jama'a, na ɗaga murya na shiga karantawa da ka, wai in cika wa hoton abin da ya rasa. Da farko ina satar kallon bakina a gilashi ina bin sa. Amma da na ji wurin ya yi tsit, sai daɗi ya kwashe ni. Na taka gaba, na bar tele a bayana, ina nuna ta da hannu ba tare da na juya ba, idona cikin idon Yaya Hawa.

Abin da ban sani ba, mutanen Yamai sun yanke jawabin. Kaɗan suka nuna, suka wuce zuwa wani labari a kan rijiyar makiyaya a Belbeji.

Ni kuwa na iso daidai wurin da nake jira. Na buga ƙirji, na miƙa hannu baya wajen tele na ce, "Ku dube ta da kyau! Wannan da kuke gani ita ce aka ce ta tsufa da karatu! Ku dubi bakin nan, yau shi ke karanta muku takarda!"

Na ga matan sun fara toshe baki da mayafi. Na ɗauka kuka ne ya zo musu. Na ƙara murya. "Wa ya isa ya ce wannan ba ta da ilimi?"

Maƙwabciyata ta faɗi a kan tabarma tana riƙe ciki. Daga kan katanga na ji Malam yana cewa a hankali, "Ke. Ke. Waiwaya."

Na waiwaya. Raƙumi ne ya cika gilashin tun daga sama har ƙasa, leɓe a sake, yana tuƙa a natse, yana kallon jama'a.

Ban san tsawon lokacin da ya yi a wurin ba, kuma har yau ban tambaya ba.

Dariyar da aka yi a gidan nan, sai da masu wucewa suka leƙo ko biki ake. Yaya Hawa kaɗai ba ta yi ba. Ta gyara zama, ta kurɓi fura, ta dubi raƙumin ta dube ni.

"Gaskiya, amarya, karatu ya karɓe ki. Har wuyanki ya ƙara tsawo."

Na ja ƙofofin telen na rufe. (A ranar dai sun yi amfani.)

Daga baya aka fahimtar da ni abin da Alhajin ya so ya faɗa na tare masa numfashi. Yadda Najeriya ke aika hoto daban yake da yadda ƙasarmu ke aikawa. Telen da aka yi don can tana iya kama hotonmu, amma launi da murya sai su tsaya a hanya. Rawar da na gani a kanti daga kaset take fitowa, cikin baƙin akwatin nan. Malam ne ya mayar da ita Damagaram shi kaɗai, don ni na ce ƙafata na ciwo. Ya dawo da 'yar ƙaramar ta roba a hammata. Ya ce saƙon Alhajin ɗaya ne kawai: a gaishe da Hajiya.

Ƙaramar ta yi mana shekaru, launi tas, murya tas. Amma shirin ba a sake nuna shi ba. Yaran da suka kalla a filin matasa sun ce sun ji muryata ras, wai na yi ƙoƙari. Ke nan duk unguwar, waɗanda na raina wurin zamansu su suka ji ni, ni da baƙina raƙumi muka samu. Yaya Hawa kuwa har ta koma ga Allah ba ta ji jawabin nan daga bakin tele ba. In ta zo Tanut ta ga telen, sai ta zauna ta ce, "A kunna mana, ko amarya za ta fito shan ruwa."

Ba zan ce muku na daina faɗa ba, don ƙarya ne, jiya ma na yi da mai gawayi. Abu guda dai na koya: in za ki cika baki a gaban dangin miji, ki riƙa waiwayawa kina duba abin da kike nunawa.