Yadda Za Ki Ƙarar Da Jug Ɗin Ruwan 'Ya'yan Itace Ba Tare Da Kin Sha Ko Kurɓi Ba

'Yar'uwa, matso kusa. In likita ya ce jikinki ya bushe, 'yarki kuma ta tsaya miki a wuya sai kin sha ruwa kofi takwas kullum, to kin zo inda ya dace. Na yi miki alkawari, in kika bi matakan nan daki-daki, za ki haɗa ruwan 'ya'yan itace mai ƙamshi, mai kyau a ido, jug ya riƙa ƙarewa tas kafin magariba, alhali ko leɓenki bai jiƙe ba. Ni da kaina na gwada. Dabarar ta yi mini aiki kwana ashirin da uku cif.

Ki san mai yi miki magana. Na haura saba'in, boko na tsaya a aji huɗu, amma babu ƙofar da za a buɗe a layinmu ban san dalili ba. Ruwa zalla kuwa ni da shi sai gaisuwa daga nesa. Ɗanɗanon kwano yake yi mini. Lemon kwalba mai sanyi shi ne aminina tun ina da haƙora.

Mataki na ɗaya: Ki san abin da za ki rasa

Ba a yin ƙarya mai kyau sai da tsoro a ciki. Nawa tsoron 'yata ta fari ce ta kawo shi. Sufeto nake ce mata, don tun tana rarrafe take buɗe tukwanen mutane. Muna fitowa daga wurin likita ta ce, "Inna, wata guda na ba ki. In muka dawo bai ga canji ba, zan kwashe kayanki ki koma wurina."

Na ce, "To wa zai kula da barandata?"

Ta ce, "Baranda ba ta ciwon ƙoda."

Wurin nata hawa na bakwai ne. Na taɓa kwana huɗu a can. Ta taga ba kya ganin komai sai rufin motoci. Na gaida wata mata a matattakala, ta ƙanƙame jakarta. Barandata kuwa tana kallon titi: ga shagon ɗinki, ga kyamis, ga famfon da ake faɗa a kansa. A raba ni da nan, gara a ce na kurmance.

Mataki na biyu: Ki haɗa shi tsakani da Allah

Nan ba a ha'inci. Sufeto ce ta koya mini, ta ce ko ƙamshin zai ja ni. Ki samo kokwamba ɗaya, lemon zaƙi biyu, lemon tsami rabi, da ganyen na'a-na'a. Wata rana ki canza da kankana ko abarba da ɗan yankin citta. Ki wanke su tas. Ki yanka sirara-sirara, yadda za ki hango yatsanki ta cikin kokwambar. Ganyen ki ɗan murza shi a tafin hannu kafin ki jefa.

Lemon tsami ki fere masa baya. Ranar farko na jefa shi da bawonsa ya wuni, ruwan ya fito da ɗaci kamar gaisuwar surukar da kika hana aron tukunya.

Ki cika jug da ruwa, ki sa a firij awa biyu ko uku. Ba a sa sukari. Na tambaya sau uku, har da cewa ko rabin cokali ne don albarka. Ba a sawa. Kuma kada ya wuce kwana guda, ki zubar ki sake sabo.

Mataki na uku: Ki bari a yi miki layi

Sufeto ta manna farar takarda a jikin jug, ta ja layi takwas da biro, kowane layi kofi guda. Ta ce kullum kafin magariba za ta kira ni ta bidiyo in nuna mata. Kada ki yi gardama. Ki ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan." Masu ilimi sun fi yarda da layi a kan mutum. Layi kuma bai san maƙogwaron wa ruwa ya bi ba.

Mataki na huɗu: Ki fito da shi baranda

Kada ki zubar a kwata, asara ce, kuma Allah na gani. Ki ɗora jug a kan ɗan teburi inda rana za ta haska yankan lemon, ki jera kofi biyu, ki zauna kina fifita.

Mai Ɗinki ce ta fara tsallako titi, da tef rataye a wuya. "Iya, mene ne wannan kamar a otal?"

"Magani ne, ba na yara ba."

Ta sha kofi biyu a tsaye. Can sai ga Matar Direba, maƙwabciyata ta hagu, wadda ko atishawa aka yi a bayan layi sai ta san mai murar. Ta kurɓa, ta lumshe ido, ta ja kujera. Kafin jug ya kai layi na biyar na ji cewa Mai Kyamis, tsohon nan da matarsa ta rasu shekara shida, ya fara rina gemu, ya kuma sayi sabon turare. Don wa? Ba wanda ya sani tukuna. Ki riƙe wannan, ilimi ne: bakin da ya jiƙe ya fi saurin buɗewa.

Mataki na biyar: Ki gyara fuska don bidiyo

Kafin kira, ki tsamo yankan lemon ki tsotse, kada a ce ba ki taɓa komai ba. Kwalbar lemonki ki tura ta bayan buhun shinkafa. In waya ta yi ƙara, ki ɗaga jug sama, ki shafa ciki, ki ce, "Wash, yau har na gaji da zaryar bayi."

Sufeto ta ce, "Inna, ina alfahari da ke." Na ɗan ji kunya, amma ta wuce da na buɗe kwalba.

Mataki na shida: Kada ya yi daɗi da yawa

Nan na yi kuskure, ke kada ki yi. Hannuna ya faɗa. Na gano kankana da na'a-na'a sun fi jituwa, abarba kuma tana son citta. Mai Ɗinki ta daina ciwon kan rana. Matar Direba fuskarta ta yi sheƙi har mijinta ya fara dawowa da wuri. Ni mai haɗawa ina nan kamar busasshen lemon da ya gangara ƙarƙashin gado.

Rana ta ashirin da uku Sufeto ta zo ba sanarwa, ta kawo yadi a ɗinka mata. Ta same mu a baranda. Ta dubi Mai Ɗinki ta ce, "Anti, wane mai kike shafawa haka?"

Na yi tari. Na taka wa Mai Ɗinki ƙafa. A banza.

"Wane mai? Ruwan Iya ne. Kofi huɗu nake sha kullum."

Matar Direba, wadda ba ta yarda a fi ta a komai, ta ce, "Ni ma huɗu. Ran Talata ma biyar."

Sufeto ta dubi jug, ta dubi layukanta, ta dube ni. "Inna, huɗu da huɗu nawa?"

Na ce, "Kin san a aji huɗu na tsaya."

Ba ta yi dariya ba. Ta kama bayan hannuna ta ɗan tsunkuli fatar, yadda likita ya yi. Fatar ta tsaya cak kamar an kafa tanti. Ta fita mota, ta shigo da kwalaye shida babu komai a ciki, ta jera mini a tsakar ɗaki. "Saura mako guda," ta ce, ta tafi ko yadin ba ta bari ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ni na koya wa matan nan kada su bar magana ta kwana a ciki.

Mataki na bakwai: In an kama ki, ki sha

Washegari suka zo, ni ko fifita na kasa. Matar Direba ta leƙa kwalayen ta ce, "Iya, in kika tafi a barandar wa za mu zauna? Tawa bango take kallo."

Mai Ɗinki ta cika kofi ta dire a gabana. "Daga yau labari ɗaya, kofi ɗaya. Ba ki sha ba, ba ki ji ba."

"Ni za ku yi wa haka? Na riƙe ki kina zanin goyo."

"An ga Mai Kyamis jiya da leda a hannu, yana ƙwanƙwasa wata ƙofa a layin nan," ta ce, ta kama bakinta.

Na ɗaga kofin na shanye. Kuma don Allah kada ki gaya wa Sufeto: da daɗi. Wai ashe abin da nake ba mutane ke nan kyauta.

A mako guda na sha labarin mai gidan haya da na famfo da na wadda ta sayar da firij ɗin mijinta yana wurin aiki. Ranar asibiti likita ya tsunkuli hannuna, fatar ta koma da kanta. Ya ce a ci gaba. Sufeto ta kwashe kwalayenta, ta bar ɗaya a bayan ƙofa, wai don tuni.

Sai dai ba wanda ya gaya mini cewa kofi takwas ba ya zama a cikin tsohuwa. Jiya suka ajiye babban labarin sai ƙarshe. Na shanye kofi na takwas, Mai Ɗinki ta sunkuyo ta rage murya ta ce, "Ƙofar da Mai Kyamis yake zuwa, ba kowa ba ce illa..." sai marata ta ce ba ta san wannan zance ba. Na tashi da gudun da ban yi ba tun ina amarya. Ina ciki ina jin shewarsu da tafi. Da na fito na ce, "Wace ce?"

Matar Direba ta ɗaga jug, ta juya shi ƙasa. "An riga an faɗa, Iya. Maimaici sabon kofi ne, ruwa kuma ya ƙare. Sai gobe."

Sanarwa

Duk wadda ta bi matakan nan, ita ta jiyo. In 'yarki ta kama ki, ban san ki ba. In maƙwabtanki suka yi ƙiba da sheƙi ke kika bushe, ba da hannuna ba. In an kai ki hawa na bakwai, kada ki kira sunana a matattakala. Ba likita ba ce ni, kuma ba na karɓar ƙorafi. Wadda ta san ƙofar da Mai Kyamis yake ƙwanƙwasawa kaɗai nake saurara. Ta same ni a baranda da safe, kafin in fara kofi na uku.