Kwamfuta a Jiƙaƙƙen Buhun Riɗi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na bugi ƙirji a kasuwar Gadarif na ce ko jirgin sama aka wargaza, ni zan haɗa shi kafin la'asar. (Rediyo biyu na taɓa gyarawa a duniya, ɗayar ma batir ne ya ƙare.)

Surukina Haj Bello, dillalin dawa da riɗi, ya ji ya gaskata. Ya sa aka kawo masa kayan kwamfuta a warwatse, ya ce in haɗa ta don rumfarsa. Mutumin da tun da na auri 'yarsa yake kallona kamar buhun dawar da ruwa ya taɓa, ranar nan sai ga shi yana kirana Bashmuhandis, wato babban injiniya. Na rantse a raina sunan nan ba zai suɓuce mini ba.

Kuma na haɗa ta fa! Ranar gwaji Haj ya tara abokansa, aka ɗora jabana, 'yar butar dafa gahawa, a garwashi. Zafin ranar kuwa, ko ƙadangare ya fito sai ya nemi takalmi. Na kunna, ta kawo. Aka yi ta "Ma sha Allah". Can sai fankarta ta soma ihu kamar lorin garin Doka da ya kafe a cikin laka, lambar zafi tana ta hawa a allo.

"Bashmuhandis, lafiya take kuwa?" in ji Haj.

"Tamam, lafiya lau, Baba. Zazzaɓi ne kawai, yanzu za ku ga magani."

Mai hankali zai buɗe gefen akwatin ya juyo masa fankar rumfa. Ni kuwa idona ya faɗa kan jarkar ruwan sha, an naɗe ta da jiƙaƙƙen buhu, sanyi kamar daga firji. Na ce, yawwa, dabarar kakanni! Na jawo buhun da aka juye riɗi, na tsoma a ruwa, na matse, na lulluɓe kwamfutar tsaf, har da ƙofofin iskarta. Na ma yi wa jama'a lacca a kai.

Ihun ya ragu. Na ɗaga hanci. Ashe shaƙe ta na yi, tana zuƙar guntun riɗin da ya maƙale a buhun.

Wani dattijo ya shinshina. "Ya zol, bawan Allah, wa ke suya a nan?"

Sai tas-tas-tas, allo ya yi baƙi ƙirin. Na yaye buhun, na buɗe akwatin: riɗi ya yi ja a kan ƙarfen da ke shanye zafi, ƙamshi har rumfar maƙwabta. Allah ya rufa asiri, kashe kanta ta yi, ba ta ƙone ba. A nan na gane kwamfuta iska take so, ba wanka ba.

Haj ya miƙa hannu, ya tsinci ƙwaya ɗaya, ya tauna a hankali, ya dubi abokansa.

"Ya soyu daidai. Gobe a kawo masa gyaɗa."