Mun Je Ta'aziyyar Mutumin da Ya Tarbe Mu a Ƙofa

Wani babba a garin nan ya saci wurin kwanan marainiya ya ba ɗan cikinsa. Ba zan faɗi sunansa ba, don an hore mu da rufa wa mamaci asiri. Mu dai kira shi Mai Girma Sarkin Hatimi.

Maƙwabcina Harouna mai amalanke yana riƙon wata yarinya, Hannatu. Iyayenta baƙi ne da suka zo ƙwadago daga wajen Guci, suka rasu a damina ɗaya tana da shekara uku, aka yi cigiyar dangi ba a samu ba. Ranar da ya kai ta lakwal, wato makarantar boko, malam ya tambayi sunan uba, ita kuwa tana tsaye riƙe da gefen rigarsa. Wane mutumin kirki ne zai buɗe baki a gaban yarinya ya ce ba shi ya haife ta ba? Sai ya ce a rubuta Harouna. Laifinsa ke nan kaf.

Bana Hannatu ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ta samu jami'a a birni, inda ba ta san ko mai sayar da ƙosai ba. Aka ce an ware wa marayu gadaje goma a ɗakunan kwanan ɗalibai, a kai dosiye, wato takardun nema, kafin Alhamis. In ta rasa gadon nan, karatu ya ƙare, don jakin Harouna ɗaya ne kuma ya tsufa.

Ran Litinin na raka shi buron Mai Girma, wato ofishinsa. Bayan sa'a uku a kan benci aka yi mana izini. Ya ɗaga takardun da yatsa biyu.

"Ina takardar rasuwar uba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, mahaifinta ya rasu shekara goma sha shida, ba a yi takarda ba. Amma limamin da ya sallace shi yana nan, zai shaida."

"Ni liman na tambaye ka? Nan an rubuta Harouna. A kawo takardar rasuwar Harouna."

Harouna ya gyara hula ya ce, "Ai ni ne, ranka ya daɗe."

"To ka ga matsalar. Kai ne ka tare wa yarinyar hanya."

Da muka fito, Harouna ya dafa ni. "Malam, ko in daure in mutu kafin Alhamis?"

Na ce, "Ko ka mutu yau, takardar sai ta yi wata uku. Ka yi asarar rai a banza."

Ni ban zauna a aji ba. A jikin buhunan taki da allunan shaguna na koyi boko, shi ya sa har gobe ba na wuce rubutu ban karanta ba. A bangon buron an manna sunayen marayun da aka riga aka karɓa, su goma cif, tun kafin ranar rufewa. Na bi da yatsa. Na bakwai Abdulrazak ne, sunan ubansa kuwa shi ne sunan da ke rubuce a ƙofar da muka fito. An sa "marigayi" a gabansa, an buga hatimi. Dole a yaba wa Mai Girma. Wasu ma'aikatan ciwon kai kaɗan ke hana su zuwa aiki, shi kuwa ya rasu amma bai fasa ba.

Da na ba Tata matar Harouna labari, ta ajiye muciya ta ce, "Innalillahi! Mutum ya rasu a gari ba mu je gaisuwa ba? Wannan ai abin kunya ne a unguwa."

Laraba da hantsi muka isa ƙofar gidansa, mun fi mutum arba'in. Muka shimfiɗa tabarmi, mata suka shige ciki da ƙwaryar gero ta sadaka. Ya fito da makullin mota a hannu, muka miƙe a jere.

"Ranka ya daɗe, ya haƙurin rashinka?"

"Wane irin iskanci ne wannan?"

Tata ta leƙo daga zaure. "Kada ka wahalar da kanka, Alhaji, koma ka kwanta. Ina maraya Abdulrazak? A kira shi mu shafa kansa."

Abin da ban sani ba, Tata ta kwana tana baza labarin rasuwar a waya, har ya kai kunnen shugaban Mai Girma na wurin aiki. Bawan Allah ya zo da gaske, da farar riga da carbi, ya sauko daga mota yana salati, sai ga mamaci a tsaye yana zagin masu ta'aziyya. Na ciro hoton takardar bango da na sa aka ɗaukar mini, na miƙa masa da hannu biyu.

Ga maganata ga masu buro. A ƙasar nan riƙon maraya ba da takarda ake yi ba, da tuwo ake yi. Wanda ya ba yaro sunansa don kada ya taso yana jin maraici, bai kamata ku hukunta yaron a kan haka ba. Ku tashi daga kujera ku tambayi liman da mai unguwa. Tambayar ba ta cin man mota.

Haka shugaban ya yi, a nan kan tabarma. Liman ya yi magana, shaidu biyu suka sa hannu, aka soke sunan Abdulrazak aka rubuta na Hannatu, minti goma ba su cika ba. Ran Asabar Hannatu ta hau mota da akwatinta, Harouna ya koma bayan jakinsa da ransa.

Shi kuwa Mai Girma, an karɓe hatimin, an dakatar da shi daga aiki. An ce ba za a saurari ƙorafinsa ba sai ya kawo takardar shaidar cewa yana raye.