Kaka da Bushiyar Kwali

Kwana uku ke nan ba wanda ya ja gemun Kaka. Jikarsa, wadda ke rainon yaran unguwa a ɗakin ƙofar gida, ta ɗinka bushiyar tsumma ta kwantar a kwali, wai tana koya musu yadda wasu dabbobi ke barci har sanyi ya wuce. Tun daga ranar yaran suka yi watsi da tsohon, suka koma leƙen kwali. Kishi ya hana shi sakat, ya ja sandarsa ya tokare ƙofa, ya gaida jikar ciki-ciki.

"…lafiya lau, ango. Ya sanyi?"

"Sanyi yana wurin wanda aka ƙwace wa jama'a. Amarya, me wannan tsumma ya fi ni?"

"Rage murya, tsoho, kar ka tashe ta."

"Shekara tamanin ina barci, ba wanda ya taɓa leƙo ni."

"Ai naka da minshari. Ita wata uku take yi, ko tari babu."

"Wata uku? Lalaci kike koya wa 'ya'yan mutane."

"Hassada ga mai rabo taki ce."

"Da tsohuwar zuma dai ake magani."

"Kai ne zumar? Ai ko ƙuda ya daina bin ka."

Wannan ta shige shi, don ko yaro ɗaya bai waiwayo ba. Ya zube a tabarmarsu, ya ja bargo, ya ce shi ma ya kwanta ke nan, kada a tashe shi sai zafi ya shigo.

"Madalla. Amma masu wannan barcin ba sa cin komai. Bari in ce wa Inna ta daina zuba maka."

"Ni irin mai farkawa da azahar ne."

"Babu irin wannan a littafina."

"Littafin da aka buga jiya?"

Yana cikin mita sai ƙaramar cikin yaran ta ɗauko bushiyar, ta ɗaga bargon, ta cusa ta a hammatarsa.

"Kaka, riƙe ta. Tana jin sanyi."

Sauran suka biyo, suka kwanta a jikinsa suna cewa a yi shiru. Jikar ta rufe baki tana dariya.

"Ango, in ɗauke ta? Na ga ba kwa shiri."

Kaka ya ƙara matse bushiyar, ya lumshe ido yana murmushi.

"Kin ci, amarya. Fita a hankali, muna barci."